Ƙarfen Siminti da Ƙarfen Gasa: Nazarin Yadda Wani Matashi a Karkarar Ringim Ya Samu Wurin Atisaye

Asalin lamarin, 2019 zuwa 2022

Matashin da wannan nazari ya shafa ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Ringim ta Jihar Jigawa. Manomi ne da damina, ɗan dako ne ranar kasuwa, kuma yana da shekara 22 lokacin da lamarin ya taso. Tun a 2019 shi da abokansa huɗu suka haɗa abin da ake kira ƙarfen siminti, wato suka samo bututun ruwa mai tsawon kusan mita biyu, suka kwaɓa siminti da tsakuwa a cikin manyan baho biyu, suka soka bututun a tsakiya suka bar shi ya bushe. A bayan makarantar firamare suke haɗuwa bayan la'asar, kowa ya gwada ƙarfinsa. Babu wanda ya taɓa ɗora ƙarfen a kan sikeli, amma an yi ittifaƙi cewa ya kai kilo 200, domin mutum biyu ne kaɗai a garin ke iya raba shi da ƙasa, kuma duk wanda ya saba saɓa buhun gero mai kilo 100 yakan ɗauka cewa hannunsa ya san nauyi.

A ƙarshen Yulin 2022, a shagon cajin waya, ya kalli yadda Adijat Olarinoye da Rafiatu Lawal suka ci wa Nijeriya zinare a wasan ɗaga nauyi a Gasar Ƙasashe Renon Ingila da aka yi a Birmingham. Daga ranar ya ƙudurta cewa shi ma sai ya hau dandamalin gasa. Mai wannan rubutu malamin makaranta ne a garin, kuma shi ne matashin ya roƙa ya riƙa rubuta masa nauyin da ya ɗaga da ranakun da ya yi atisaye, saboda haka alƙaluman da ke tafe daga wannan littafi aka ɗauko su. Tambayar da matashin ya zo da ita guda ce: a ina zai yi atisaye? Mahaifinsa kuwa tambayarsa daban ce, domin cewa ya yi, "Ƙarfen nan shi zai nome mana gonar, ko shi zai kawo cefane?" Sharaɗin da ya gindaya masa shi ne kada a neme shi a gona da damina a rasa.

Gwaji na farko: gidan motsa jiki na birni, Nuwamba zuwa Disamba 2022

Da aka kammala girbi, ya tafi wajen yayansa da ke sana'a a wani babban gari na jihar, ya biya kuɗin wata biyu a gidan motsa jiki na wani otal. Wurin yana da fanka da madubai da injinan gudu da injinan ja da igiya, kuma tsabtarsa ba ta da makusa. Sandar ɗagawa ɗaya ce tak, gajera, kuma faya-fayan ƙarfen da ke wurin duka ba su wuce kilo 120 ba idan aka haɗa su. Mai kula da wurin ya hana a sauke ƙarfe da ƙarfi saboda tayil, wanda hakan hujja ce mai kyau daga ɓangarensa, sai dai ta rufe ƙofar duk wata ɗagawa mai nauyi. Galibin masu zuwa kuwa ƙirar jiki suke nema, wato faɗin ƙirji da kaurin damtse, don haka shawarar da ya riƙa samu ita ce ya yi ta maimaita ƙaramin nauyi har tsoka ta kumbura.

A nan ne kuma wani daga cikin masu zuwa ya yi masa tayin allura da ƙwayoyin ƙara jiki, har da irin waɗanda ake kira sha-ka-fashe. Bai karɓa ba, kuma ya faɗa da bakinsa cewa rashin kuɗi ne ya hana shi a lokacin, ba sanin illarsu ba. Sai daga baya ya ji cewa a dokar hana amfani da ƙwayoyi ta wasannin duniya, ɗan wasa ne ke ɗaukar alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, ko ya sani ko bai sani ba, kuma dakatarwar da ake yi kan ƙwayoyin ƙara tsoka tana kai wa shekara huɗu. Hatta tiramadol, wanda wasu 'yan dako ke sha don kashe gajiya, ya shiga jerin abubuwan da aka haramta a lokacin gasa tun daga 1 ga Janairun 2024. Bayan mako shida ya dawo gida. Damtsensa ya ƙaru, amma littafin bai samu ko alƙalami ɗaya da za a iya kwatanta shi da na gasa ba.

Gwaji na biyu: zirga-zirga zuwa Kano, Janairu zuwa Mayu 2023

Ta hannun wani direban motar haya aka haɗa shi da wani dattijon koci a birnin Kano, tsohon ɗan wasa, mai horar da yara da matasa a wani ɗaki mara ado wanda ke da dandamalin katako biyu. Ranar farko kocin bai bar shi ya nuna bajinta ba, sai ya zaunar da shi ya tambaye shi, "Ɗana, wane wasa kake nema a cikin biyun?" Matashin bai ma san biyu ba ne.

Bambancin da kocin ya fayyace masa shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. Wasan da ya kalla a waya shi ne ɗaga nauyi irin na Olamfik, kuma ɗagawa biyu ce a cikinsa: fizga, inda ake ɗauko sandar daga ƙasa zuwa saman kai a motsi ɗaya, da kuma saɓa-da-cilla, inda ake kai ta kafaɗa tukuna sannan a cilla ta sama. A wannan wasa ne Ruth Ogbeifo ta ci wa Nijeriya azurfa a Olamfik ta Sidni a 2000. Ɗaya wasan shi ne fawaliftin, mai ɗagawa uku: tsuguno da sanda a gadon baya, turi daga ƙirji a kwance a kan benci, da cira daga ƙasa har a miƙe tsaye. Ba ya cikin Olamfik, amma reshensa na masu buƙata ta musamman, wanda turin benci ne kaɗai, yana cikin gasar Faralimfik, kuma a nan 'yan Nijeriya irin su Lucy Ejike suka yi suna a duniya. A wasannin biyu sandar maza kilo 20 ce, tsawonta kimanin mita 2.2, kowane ɗan wasa yana da dama uku a kowace ɗagawa, kuma alƙalai uku ne ke kunna farar fitila ko ja, sai an samu farare biyu ɗagawa ta karɓu. Amma sandar Olamfik tana da ɗan lanƙwasa, bakinta yana juyawa sumul, kuma faya-fayanta na roba ne domin daga saman kai ake sako su, alhali sandar fawaliftin tauri ake so da ita, kuma faifan ƙarfe zalla ya wadatar.

Sannan aka gwada shi a ɗagawa ukun, tun da su ne suka fi kusa da abin da ya saba. Nauyin jikinsa kilo 72 ne. A tsuguno ya ɗauki kilo 150, amma kocin ya ce babu alƙalin da zai karɓa, domin doka ta ce sai mahaɗar cinya da ƙugu ta sauka ƙasa da saman gwiwa. Da ya sauka yadda ake so, kilo 120 ya iya tashi da shi. A benci, da aka sa shi ya tsayar da sandar cik a ƙirji har sai an ba shi umarni, ya tsaya a kilo 85. A cira daga ƙasa, inda yake taƙama da 200, ya kai 175 da ƙyar. Jimilla kilo 380.

Da ya koma gida aka ɗauki ƙarfen simintin zuwa sikelin masu sayen riɗi, aka ɗora kowane ɓari a kan sikelin, ɗaya ɓarin a kan bulo. Ɓari guda ya ba da kilo 89, ɗayan 82, wato kilo 171 gaba ɗaya, da bambancin kilo 7 tsakanin dama da hagu, abin da ya bayyana dalilin da ya sa kocin ya ga yana karkata ƙugu duk lokacin da ya ɗaga. Akwai kuma wani abu da ba a lura da shi ba sai da aka kawo tef: faɗin faifan gasa santimita 45 ne, saboda haka sandar tana tashi ne daga santimita 22 da rabi a kan ƙasa, shi kuwa bututun ƙauye yana zaune a kusan santimita 30. Shekara uku ke nan yana tsallake wuri mafi wuya a cikin ɗagawar ba tare da ya sani ba.

Duk da haka zuciyarsa na kan wasan Olamfik, kuma kocin bai hana shi ba. Makonnin farko da sandar icce ya yi su, cikin yara 'yan shekara 13 da 14 waɗanda ke tsugunawa har ƙasa da sanda a saman kai kamar suna wasa. Shi kuwa dugadugansa ɗagawa suke yi, kafaɗunsa da suka saba da buhu sun ƙi buɗewa. An tsara masa zuwa sau uku a mako, wanda ke nufin acaɓa daga ƙauye zuwa bakin titi, mota zuwa tashar 'Yankaba, sannan A-daidaita-sahu, kusan awa biyu zuwa da awa biyu dawowa. A Fabrairu da Maris ƙarancin takardun naira ya sa sau da yawa yana da kuɗi a asusu amma babu na miƙa wa direba. Azumi ya kama a 23 ga Maris, tafiyar rana ta gagara. Cikin zuwa 54 da aka tsara, 23 ya samu. A ƙarshen Mayu yana fizgar kilo 55, yana saɓa-da-cilla da kilo 75, kuma duk lokacin da ya yi kwana goma bai zo ba sai an sake gyara masa abin da aka gyara a baya. Ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi sahu, ga damina ta ƙarato. Zirga-zirgar ta tsaya a nan.

Gwaji na uku: cin rani a Kano, Nuwamba 2023 zuwa Janairu 2024

Bayan girbi ya yanke shawarar cewa tun da hanya ce matsalar, gara ya tare kusa da kocin. Ya samu dako a kasuwar hatsi ta Dawanau, yana kwana a shagon wani ɗan garinsu. A wata na farko bai yi fashin atisaye ko sau ɗaya ba, kuma fizgarsa ta kai kilo 62. Sai dai lokacin kaka ne, lokacin da manyan motoci ke layi ana lodin riɗi da wake da gero, saboda haka yakan isa ɗakin atisaye bayan ya sauke ko ya loda buhu da yawa tun safe, barcinsa bai cika awa shida ba, abincinsa kuma abin da ya samu a bakin hanya ne. Nauyin jikinsa ya sauka zuwa kilo 69. A mako na tara, yana cikin ɗaukar kilo 80 zuwa kafaɗa, ya ji ƙugunsa ya riƙe. A asibiti aka ce tsoka ce ta ja, ba ƙashi ba ne, aka ba shi hutun mako huɗu, wanda ke nufin babu atisaye kuma babu dako, babu dako kuma babu zaman birni.

Kafin ya tafi kocin ya yi masa magana ba ɓoye-ɓoye. Ya ce, "Ɗana, wasan Olamfik yana son idon koci kullum, kuma kai ba ka da kullum. Ƙarfinka a ƙafa da baya yake. Ka koma ɗagawa uku, ka yi a gida, ka riƙa kawo mini kanka ina gani." Matashin ya ce, "Koci, ai wancan ne ake zuwa Olamfik da shi." Kocin ya amsa cewa gaskiya ne, kuma ba zai yi masa alkawarin cewa hanyar ɗagawa uku ta kai waccan buɗewa ba.

Tsarin da ya zauna, daga Maris 2024

Wata guda ya yi yana juya maganar kafin ya amince. Kawunsa ya ba da aron wani tsohon sito mai daɓen siminti, aka sanar da mai unguwa domin kada taron samari da ƙarar ƙarfe su jawo zargi. Shi da abokansa huɗu, da wasu biyu da suka shigo, suka yi adashi, ya ƙara da kuɗin buhun riɗi biyu nasa, kocin kuma ya nemo musu sanda ta hannu mai kilo 20 da faya-fayan ƙarfe na kilo 200 daga wani gidan motsa jiki da ke sayar da kayansa. Kafin a biya, kocin ya mirgina sandar a ƙasa don ya tabbatar ba ta lanƙwashe ba, kuma da kayan suka iso aka sake kai kowane faifai sikelin masu riɗi, aka rubuta ainihin nauyinsa da fenti, domin wasu sun gaza da rabin kilo, wasu sun zarce. Mai walda na garin ya ƙera mariƙin sanda mai ƙafa huɗu da ramuka a jere, da sanduna biyu na kariya waɗanda za su tare ƙarfen idan mutum ya kasa tashi daga tsuguno, sannan ya ƙera benci da awon da kocin ya aiko. A ƙasa aka shimfiɗa katako, aka yanka tsofaffin tayoyi aka sa a inda faifai ke sauka. Abin da aka saya daga birni sanda ce da faifai kawai; sauran duka a garin aka yi su.

Atisaye ya zama sau huɗu a mako, bayan sallar asuba a watannin zafi, kafin rana ta ɗaga. Azumin 2024 ya fara a 11 ga Maris, daidai da farkon tsarin, sai aka mayar da shi bayan sallar asham, aka rage yawan maimaitawa aka bar nauyin yadda yake. Kocin yakan aiko da jadawalin mako huɗu ta WhatsApp, uku na ƙara nauyi a hankali, na huɗu na sassautawa. Kowace ɗagawa mai nauyi ana ɗaukar bidiyonta daga gefe, wayar a jingine daidai tsayin gwiwa, domin idan aka ɗauka daga sama kowane tsuguno sai ya yi kamar ya sauka. Abokansa suka koyi ba da umarnin alƙali, suna hana shi tura sandar daga ƙirji ko mayar da ita mariƙi sai an ce masa ya yi, kuma a gaskiya sun fi alƙalan gasa tsanani, tun da babu abin da ke yi musu daɗi kamar soke masa ɗagawa. Sau ɗaya a wata, ranar Asabar, yakan je Kano kocin ya gan shi da ido, ya gyara masa tsayuwar ƙafa ko riƙon sanda. Da damina ta sauka aka rage zuwa sau biyu a mako daga Yuni zuwa Satumba, aka cika sharaɗin mahaifinsa, kuma alƙaluman ba su ƙaru ba a wannan lokaci amma ba su faɗi ba.

Sakamako, Disamba 2024

Cikin atisaye 118 da aka tsara daga Maris zuwa Disamba, littafin ya nuna ya yi 104. A tsakiyar Disamba kocin ya shirya ƙaramar gasar gwaji ta ɗalibansa, da alƙalai uku da awon jiki awa biyu kafin farawa, kamar yadda ake yi a gasa. Matashin ya auna kilo 73.4, wato ya shiga rukunin kilo 74. Ya yi tsuguno da kilo 165, ya tura 107.5 a benci, ya cira 215 daga ƙasa, jimilla kilo 487.5, ƙarin kilo 107.5 a kan gwajin Janairun 2023. Cikin dama tara ya ci bakwai. Ɗaya ta faɗi ne saboda nauyi ya fi ƙarfinsa a benci, ɗayar kuma saboda ya mayar da sandar mariƙi kafin umarni, a tsugunonsa na farko, lokacin da idon jama'a ya ruɗa shi. Ƙugun bai sake riƙe shi ba.

Abin da ya yi aiki da dalilinsa

A ganin mai wannan rubutu, matashin ya ɓata kusan shekara ɗaya da rabi ne domin ya fara da tambayar wuri kafin tambayar wasa. Gidan otal bai yi masa laifi ba, don wasu mutane aka gina shi. Ɗakin kocin shi ne wuri mafi inganci da ya taka, kuma da yaro ne ɗan shekara 13 mazaunin unguwar, da babu inda ya kai shi. Amma ga wanda ke da tafiyar awa huɗu, zuwa 23 cikin 54 ba ya koyar da fizga, domin ita ƙwarewar jiki ce mai zubewa idan aka bar ta. Zaman cin rani ya magance nisa amma ya ci hutun da jiki ke ginuwa da shi, kuma raunin ƙugun daga haɗa dako da atisaye ya fito, ba daga atisayen kaɗai ba. Tsarin ƙarshe ya zauna ne saboda ya raba abubuwan da ake nema daga wurin atisaye gida uku, ya samo kowane a inda ya fi sauƙi: ƙarfe mai awon gaskiya a ƙofar gida, abokai masu tsaro da ba da umarni a kowane zuwa, da idon wanda ya san doka sau ɗaya a wata, da bidiyo a tsakani. Wannan rabo yana yiwuwa a ɗagawa uku domin motsinta a hankali yake kuma kyamarar waya na iya kama kuskurensa. A wasan Olamfik ba zai wadatar ba.

Akwai abin da aka rasa, kuma bai kamata a rufe shi ba. Burin da ya taso da shi daga shagon caji na wasan da ya kalla ne, kuma ya ajiye shi. Kuskuren umarnin da ya yi a Disamba ya nuna cewa sito ba ya koya wa mutum tsayuwa a gaban taro, saboda haka kocin ya ce zai riƙa sa shi a kowace gasar gwaji. Sannan ƙarfen da ke siton, sanda da faifai, kilo 220 ne cif, shi kuma yana cirar 215. Samarin sun fara sabon adashi don sayen faifai biyu masu kilo 25, kuma cikon kuɗin yana jiran abin da riɗin kaka mai zuwa zai bayar.